Gudan jinin da ya kama ni a Mambila

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban rubuta komai a nan ba. Wasu sun yi ta tambaya ko na daina sayar da atamfa a kasuwar Ƙaura. Ban daina ba, jinya na yi, kuma sai yau na samu ƙarfin ba ku labari.

Maigidana Malam Sani direba ne. Shekara da shekaru yana ba mu labarin Mambila, wai a can gajimare har ƙasa yake taɓawa. Bana ya ce sai mun gani da idonmu. Muka shiga motarsa, ni da shi da 'ya'yanmu mata biyu.

Kwana uku muka yi a hanya. Ni ce a baya, kaya sun danne mini ƙafa. Ko an tsaya ba na son fita, sai dai salla.

Gaskiya wurin ya yi kyau. Duwatsu shar da ciyawa, gonakin shayi iya ganinka, shanun Fulani sun yi ɓul-ɓul. Yaran suka yi ta hotuna a bakin wani ruwa mai zubowa daga dutse. Ni kuwa ƙafata ta hagu ta kumbura, sharaɓar tana zafi kamar an sa garwashi. Na ce gajiya ce, na shafa man zafi, na yi ta matsawa.

Washegari bayan azahar muna hawa wani ɗan tudu, numfashi ya ƙi. In ja iska, ba ta shiga. Ƙirjina kamar an soka wuƙa. Na yi tari, na ga jini a gefen mayafina.

Malam ya riƙe ni. "Hajara, mi ya same ki? Yi mini magana."

Na kasa. Ina jin ƙaramar tana kuka tana kiran Inna, Inna.

A wani ƙaramin asibiti a Gembu likita ya dubi ƙafar, ya dube ni, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ina zaton jini ne ya daskare a ƙafar, wani gudan ya ɓalle ya tafi huhu. Ba mu da na'urar da za ta tabbatar. Ku sauka da ita Jalingo yanzu."

Suka yi mini allura a fatar ciki, suka ɗora ni a motar asibiti da tukunyar iska. Hanyar da muka hau muna dariya, ita muka sauko ina kalmar shahada. Hanyar duk lanƙwasa ce, kwana bayan kwana, ga rami a gefe. Ina kallon allurar ma'aunin tukunyar tana sauka a hankali, ina tunanin a garin da ban san kowa ba za a binne ni, mahaifiyata tana Zurmi ba ta ma san halin da nake ciki ba.

Na ce wa Malam, "In na tafi, ka kai yaran wurin Inna ta Zurmi."

Ya ce, "Ki yi shiru ki ja iska. Ke za ki kai su da ƙafarki."



A asibitin Jalingo hoton ƙirji da na ƙafa suka tabbatar da zaton likita. Kwana goma sha takwas na yi a kwance. Allura safe da yamma, a ɗebi jini, a ɗaura abin awo a yatsa, a hana ni ko zuwa bayan gida da kaina. Cikina duk ya yi baƙi-baƙi da tabon allura. Akwai ranar da aka cire mini iska don gwaji, na ji kamar ana shaƙe ni, na riƙe rigar nas ina roƙonta ta mayar.

Kuɗi sun tafi ba kaɗan ba. Sai da na fara zama na lura Malam a Keke Napep yake zuwa. Na tambaye shi ina mota.

"Na saida ta," in ji shi. "Ci abincinki."

Motar da yake ciyar da mu da ita ce. Na juya fuska bango na yi kuka.

A motar haya muka dawo Ƙaura, kowace awa biyu yana roƙon direba a tsaya in taka. Na sha ƙwayar tsinka jini wata shida. Makon jiya likita ya ce huhuna ya washe. Malam yanzu motar wani yake ja zuwa Shinkafi, bai taɓa yi mini ƙorafi ba.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitan Gembu da ma'aikatan jinya da alheri, da 'yan kasuwarmu da suka tsare mini rumfa.

'Yan uwa, in za ku yi doguwar tafiya, ku riƙa sauka kuna takawa, ku sha ruwa. In ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, kar ku matsa ta yadda na yi, ku tafi asibiti a ranar. In numfashi ya ƙi, kar a tsaya jiran gobe.

Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Malam Sani a addu'a, Allah ya mayar masa da abin da ya fi motarsa.