Hannun hagun Bappa Isa

Jama'a, ƙwayar ta yi magana! Ranar Asabar layin da ke kan allon ordinatar, wato kwamfuta, ya fara tsalle, tik tik tik, ni ma na hau tsalle. Ba zan maimaita shekara ba. Kuma wanda ya fitar da ni shekara huɗu ke nan cif yana kwance a maƙabarta a nan Garoua: Bappa Isa, ƙanin babana. Allah ya jiƙan shi.

Bari in warware muku. A labo ɗinmu, ɗakin gwaje-gwajen jami'a, muna auna lantarkin da ke cikin ƙwayar jijiya ta dodon koɗi. Allurar gilashi ake kai mata, siririya fiye da gashi. Hannun mutum rawa yake yi, shi ya sa wani ɗan hannun ƙarfe ke riƙe allurar, ordinatar kuma ta tuƙa shi. Bappa ne ma'aikacin labon tun ina firamare. Shi ya ɗaura hannun, shi ya rubuta manhajar da ke tuƙa shi.

Bana tsohuwar ordinatar shi ta mutu murus. Aka kawo sabuwa, da manhajar kamfani mai ƙyalli. Na ce shi ke nan, mun waye. Ina! In na danna "ja baya", sai allura ta zabura gaba ta daki gindin kwanon da ƙwayar ke ciki, ta karye. Ƙas! Na ɗauka yatsana ne, don kowa ya san ni da saurin danna. Na sake. Ƙas!

Daniyel, abokin karatuna ɗan Yagoua, ya ce, "Hajiya Sarkin Ɓarna, injin hannun ne ya tafi, ki haƙura."

Na ce, "Bakinka ya sari dutsen Mindif!"

Porof kuwa, malamin da ke duba aikinmu, bai yi dariya ba. Ya hana mu taɓa saitin manhajar, ya ce gilashin da ya rage kaɗan ne, in wata ya ƙare ban samu awo ko ɗaya ba, kare memuwar ɗina, wato kundin bincikena, sai baɗi. Abinci ma ya daina shiga.

Ranar Juma'a aka yi sadakar cikar shekara huɗu a gidan Goggo Hajara, matar Bappa. Muna zuba shinkafa a kwanuka tana ba mu labarin shi. Ta ce, "Ai bappanki bahago ne. Malamin allo ya yi ta dukan hannun har ya koyi rubutu da ci da dama. Amma in ya ɗau almakashi ko sukurdireba, sai hagu. A gaban mutane ne kawai yake ɓoyewa."

Ludayi ya faɗi daga hannuna. Hannun ƙarfen namu a gefen hagu na madubin da muke leƙa ƙwayar yake! Ni ban taɓa shiga wani labo ba, na ɗauka haka duniya take yi.

Asabar da safe na roƙi Porof minti biyar. Can cikin saiti ga wani ɗan akwati: dama ko hagu. Yana kan dama, yadda kamfani ya turo shi. Bappa ya ɗaura hannun inda ya fi mishi daɗi, ya juya lissafin a tashi manhajar, bai gaya wa kowa ba. Na danna hagu. Allura ta ja baya lafiya lau, ta dawo a hankali, ta shiga ƙwayar. Porof ya cire tabarau ya ce, "Shekara nawa muka yi muna aiki tare da Isa, ban lura ba."

Ina ta tunanin me Bappa zai ce da ya ga wannan manhaja. Na san zai taɓe baki ya ce kwalliya ta yi yawa. Amma ɗan akwatin nan, ina jin zai daɗe yana kallon shi. Wani a can kamfanin ya yarda akwai masu aiki da hagu, ba duka, ba kunya.

Daniyel ya ce mu mayar da hannun dama, kamar na kowa. Na ce a'a, Porof ma ya ce a bar shi. Na manna takarda a jiki: "Na hagu ne, aikin Isa."

Tsofaffin ɗaliban labon sun watsu, wasu Maroua, wasu Tibati, ba ni da lambarsu. Don Allah ku tura musu wannan, su san da hannun wa suka yi karatu, su yi mishi addu'a.