Kaset ɗin Yaya Laminu

Duk hutun lakwal, wato makarantar boko, na lokacin ɗari, Babanmu yakan sa mu a motar kasuwa daga Maraɗi, ni da yayana Laminu, a sauke mu Jiratawa wurin kakarmu da ta haifi Baba. Sunanta Tani. Bagobirar Tibiri ce, aure ya kawo ta bakin gulbi, kuma har ta koma ga Allah harshenta bai sauya ba. Da rana muna lambu muna buɗe wa albasa ruwa. Bayan isha'i sai ta hura wutar kara a tsakar gida, ta tura dankali cikin toka, mu jikokinta mu kewaye ta, kowa ya ja rigarsa ya rufe gwiwa. Ba ta fara tatsuniya sai dankali ya soma ƙamshi. Sannan za ta ce, "Baƙuwa ta iso bakin zaure." Mu kuma mu amsa, "A ce ta shigo ta ji ɗumi."

Laminu ya girme ni da shekara huɗu, kuma tun yana ƙarami ba ya barin abu a rufe. Rediyon Baba ya kwance shi sau biyu, a karo na biyu ya mayar da shi yana magana fiye da da. A ƙarƙashin gadonsa, a gidanmu na unguwar Zariya, akwai kwali cike da wayoyi, da matattun batura, da ƙwayayen tocila. A shekarar da nake ba da labarinta yana da sha biyar, ni sha ɗaya, kuma hankalinsa duka yana kan wasan tele. Akwai wani shago a Sabon Gari inda yara ke biyan dala biyar su riƙe manet, abin da ake dannawa a sarrafa wasan a allon talabijin, na ɗan lokaci, mai shagon yana tsaye da agogo a hannu. Laminu ya ce wannan ba wasa ba ne, ɗanɗano ne, domin kafin ka gane hanya an karɓe. Ya ga wani tsohon akwatin wasan tele na hannu a wurin mai kawo kaya daga Jibiya, da kaset guda, an yi masa kuɗi jikka ashirin da biyar. Abin da ya mallaka a duniya kuwa tunkiya ɗaya ce, wadda Kaka ta ba shi ranar saukar karatunsa, tana ɗaure a garkenta.

Da yamma ya gaya mata yana so ya kai tunkiyar kasuwa. Ta dube shi ta ce, "Maigidana, tunkiya da ciki za ka bayar don abin da ba shi haihuwa?" Ya yi mata bayani mai tsawo, ta ji shi har ƙarshe, ba ta ce a'a ba. Da aka hura wuta sai ta ba mu wata tatsuniya da ba mu taɓa ji ba.

Wai wani mai lambu ne, Na'Allah, yana ɗingishi da ƙafar hagu. Ya je kasuwar Tibiri ya sayar da albasa, kasuwa ta fara watsewa, sai ya ga wata tsohuwa a gindin kuka da ƙoƙo guda mai murfi a gabanta. Ta ɗaga masa murfin. A ciki akwai gari sukutum, mutane ƙanana kamar tururuwa, wasu na daka, wasu na kokawa, wasu na kora shanu zuwa rijiya. In ya nuna ɗaya da yatsa sai ya bi inda yatsan ya nufa. Na'Allah ya tambayi kuɗinsa. Tsohuwar ta ce ba ta karɓar wuri. Duk sadda ya buɗe, yini guda ne nata. Shi ya ɗauka yinin aiki take nufi, za ta zo ya yi mata noma. Ya ce ya saya.

Kaka ta juya dankali da sanda ta ci gaba. Na'Allah kullum da yamma sai ya buɗe ƙoƙon, yaran gari su taru a bayansa, a yi ta dariya. Mutumin da a da ba a jin muryarsa ya zama gidansa ne dandali. Tsohuwar ba ta taɓa zuwa neman aikinta ba. Wata safiya, gemunsa baƙi wuluk, ko furfura ɗaya babu, aka tashe shi bai tashi ba. Bayan kwana bakwai ƙanensa ya buɗe ƙoƙon. A gefen garin ya ga wani sabon lambu, da ɗan mutum yana ba albasa ruwa, yana jan ƙafar hagu.

Na tuna karan da ke ci ya fashe, wata ƙanwarmu ta ƙanƙame ni. Laminu ne ya yi magana.

"Kaka, to an cuce shi ke nan, ko ba a cuce shi ba? Ai ya ji daɗinsa."

Ta ce, "Ni ban sani ba. Wanda anka bar ma ƙoƙon, shi za ka tambaya." Ta karkaɗe tokar hannunta ta raba mana dankali.

Washegari Laminu ya ja tunkiyarsa. Kaka da kanta ta kwance masa igiya, ta ce kada ya yarda da tayin farko.

Shekara biyu akwatin nan yana ɗakinmu. Ba zan ce ya lalata Laminu ba, don ban ga haka ba. Bai faɗi jarrabawa ba, bai bar salla ba. Wasan na wani ɗan mutum ne mai takobi da ke yawo daga gari zuwa gari, rubutun duk da Turancin Ingila, wanda ba a fara koya mana sosai ba, sai da Laminu ya nemo ƙamus. Da wayar manet ta tsinke, ya dafa ƙusa a gawayi ya liƙe ta da dalma. Daga nan maƙwabta suka fara kawo masa rediyo da tocila. Ni aikina zama a gefensa, in riƙe ƙamus, in ce masa ga abokin gaba ta baya. Wani lokaci yakan miƙo mini manet ya ce, "Habu, riƙe, amma kada ka kashe mini shi."

A bazarar da ya cika sha bakwai sanƙarau ya shigo unguwarmu. Ranar Litinin ya ce wuyansa na ciwo, ranar Alhamis bayan azahar muka kai shi makwancinsa.

Kaka ta zo zaman makoki ta kwana bakwai ba ta yi magana mai tsawo da kowa ba. Ranar da za ta koma ta kira ni bayan ɗaki, ta kama hannuna da ƙarfi.

"Habu, tatsuniyar nan ta ƙoƙo, ba gado na yi ba. Ni na ƙaga ta ran nan, don in tsorata shi ya bar tunkiyar." Ta ƙara matse hannuna. "Ko bakina ne?"

Na ce mata, "Kaka, kwanansa ne ya ƙare." Abin da na ji manya na faɗi ke nan. Ta gyaɗa kai kamar ta yarda. Mun ci gaba da zuwa Jiratawa, ana hura wuta, ana gasa dankali, amma ba ta sake yi mana tatsuniya ba. In ƙanana suka matsa mata sai ta ce ta manta.

Akwatin ya dawo hannuna. Wata uku ban taɓa shi ba. Da na kunna, sai na ga sunan Laminu a kan allon tele, a wurin da wasan ke ajiye tafiyar mutum. Na danna. Ga ɗan mutumin nan tsaye a bakin wata gada, takobi a hannu, ruwa na gudu a ƙarƙashi. Nan ya bar shi a daren Lahadi. In ba a taɓa manet ba, yakan ɗan juya kai hagu da dama, kamar mai jiran wani. Na kashe tele na fita waje. Tun daga ranar nakan kunna sau ɗaya ko biyu a shekara, in dube shi, in kashe. Ban taɓa matsa shi ko taki ɗaya ba.

Yanzu ni malamin lakwal ne a Tibiri, kuma ciwon Laminu na kwance kaya da gyara su ya kama ni. Ranar hutu ina zaune da ƙarfen liƙi ina gyaran tsofaffin rediyo da wayoyi, ba don kuɗi ba. Ɗalibaina suna wasa a waya, wasannin da ake cewa kyauta ne, amma kowace riga da kowane makami sai an saya, in wayar ta ɓace kuma babu abin da ya rage a hannun yaro. Nakan tsaya in dube su ina tunanin tambayar da Laminu ya yi a bakin wuta. Da ina yaro na ɗauka Kaka gargaɗi ta yi, cewa wasa na cin kwanakin mutum. Amma kwanakin Laminu ba wasan ne ya cinye su ba, kuma in na lissafa kwanakin da na fi saninsa, waɗanda muka yi kafaɗa da kafaɗa a gaban tele ne. Da an ce in mayar da su a ba ni garke, ba zan mayar ba. Wannan na sani. Abin da ban sani ba shi ne ko ajiyar da na yi masa ƙauna ce, ko tsoro.

Bara wani saurayi daga Yamai, mai tara tsofaffin wasanni, ya ga hoton akwatin a wani zauren waya na masu sha'awar irin waɗannan kaya. Ya zo har gida. Ya juya kaset ɗin a hannu, ya taya shi da kuɗin da za su sayi babur. Na ce ba na sayarwa ba ne, na gaya masa dalili. Bai ja ba. Da zai tafi ya tsaya a zaure ya ce, "Malam, ka san akwai ɗan batir a cikin kaset ɗin, kamar maɓallin riga? Shi ke riƙe da abin da aka ajiye. Naka ya daɗe da wuce kwanansa. Ran da ya mutu, sunan yayanka zai goge. In ka cire shi don ka sa sabo, nan ma zai goge, sai in ka haɗa masa wata wuta kafin ka cire."

Mako biyu ina gwaji a kan wasu matattun kaya. Ranar wata Asabar da hantsi na shimfiɗa farin ƙyalle, na buɗe kaset ɗin, na liƙa wayoyi biyu sirara zuwa wani batir na waje. Na ajiye ƙarfen na yi alwala na dawo. Na ɗaga tsohon, na zaunar da sabon, na rufe. 'Yata Nana, mai shekara tara, tana tsugune a gabana.

Na kunna. Sunan yana nan. Ɗan mutumin yana bakin gada yana juya kai.

Nana ta matso ta ce, "Baba, me yake jira?"

Na ce, "Baffanki Laminu ne ya tsayar da shi."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife ki. Tun ina kamar ki, da ɗan ɗori."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Me ke ƙetaren?"

Shekara ashirin da wani abu ina riƙe da abin nan, ban san abin da ke bayan gadar ba. Manet ɗin yana kan cinyata, da ɗaurin baƙin roba inda Laminu ya liƙe wayar. Na ɗauka na sa mata a hannu, na nuna mata inda ake dannawa.

Ɗan mutumin ya taka gadar a hankali, don ba ta iya ba, yana karo da gefe. A ƙetaren akwai wani ƙaramin gari mai rijiya a tsakiya, da mutane suna kai da komo, da wani kiɗa da ban taɓa ji ba. Nana ta juyo don ta tambaye ni ina za ta bi, ta ga fuskata, sai ta mayar da idonta kan tele ta ci gaba da tafiya.