Ranar da Mama Ta Kwance Wincin Jaki

Safiyar wata Juma'a cikin watan Fabrairun 1991 na tsaya a bakin garejin gidanmu da ke Deptford, dusar ƙanƙara ta kusa kai mini gwiwa, ina kallon Mama zaune a kan babur ɗin Baba mai ƙafa huɗu. Ta ɗaura zane a kan wandonsa na aiki, ta sa rigarsa ta sanyi wadda ta haɗiye mata yatsu, ta naɗe mayafi a wuya. Inji ya tashi lafiya, hayaƙi ya cika garejin. Amma da ta danna maɓallin da ke ɗaga garmar gaba, ƙas kawai muka ji. Ta sake dannawa, ƙas. Garma na nan kwance a kan siminti, ga dandamali a bakin ƙofa wanda ba za ta tsallake ba sai an ɗaga ta. Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma ban taɓa ganin Mama a kan abin hawa ita ke riƙe da kansa ba.

Baba ne caretaker, wato mai kula, na wani dogon gini da tsofaffi ke zaune a ciki, mu kuma an ba mu flat a ƙasa saboda aikinsa. Ginin yana kan tudu, hanyar mota ta gangara daga ƙofarsa har titi. A wata gona can wajen gari Baba ya samo babur ɗin, ya sa masa suna Jaki, don shi ke jan kwandunan shara da buhunan ganye. Da zafi, ni da 'ya'yan maƙwabta mukan hau shi a kashe, muna yin ƙarar inji da baki, wai za mu Funtua. Da sanyi kuma Baba yakan ɗaura masa wani faffaɗan ƙarfe a gaba mai kama da bakin garma, ya haɗa shi da winci, wato ɗan injin da ke naɗe igiyar ƙarfe ya ɗaga garmar ko ya sauke ta. Aikina shi ne in bi bayansa da bokiti ina watsa gishiri. To a makon nan Baba ba ya nan. Kakanmu ya rasu, Baba ya tafi gida Funtua, ya bar Mama da ni da ƙanena Sadiƙu da ke goye.

Kafin hantsi manajan ginin ya bugo waya. Ni na ɗauka, domin Turancin Mama na kasuwa ne da asibiti, ni nake yi mata tafinta. Ya ce motar nas da motar abincin tsofaffi sun kasa hawowa, kuma in ba a share hanya ba zai kawo wani kamfani, daga nan kuma zai duba ko ginin yana bukatar caretaker mai zama a ciki. Na fassara mata, na ɗan sassauta. Ta dube ni ta ce in faɗa mata yadda ya faɗa. Ba a jima ba Baffa Lawal, ƙanen Baba da ke Stratford, shi ma ya kira. Shawararsa ita ce mu kulle gida mu taho wajensu har Yaya ya dawo, ba mutuncinta ba ne a gan ta kwance ƙarƙashin inji a gaban Turawa. Mama ta saurare shi har ya gama, ta tambayi lafiyar iyali, sannan ta ce, "Lawal, mutumin nan ya tafi binne ubanku. Ba zai dawo ya tarar da kayansa a titi ba." Ta ajiye waya ta ce in ɗauko akwatin sifanu.

Gaskiya ba mu san abin da muke yi ba. Abin da Mama ta sani shi ne abin da ta ga Baba yana yi wa motarsa, ni kuma na iya karanta rubutun da ke jikin ƙarfe. Muka fara da batir. Bakinsa ya yi wani farin gari, Mama ta kankare shi da soson ƙarfen da take wanke tukunya, ta ɗaure tamau. Ƙas. Na ciro fis na ɗaga shi a haske, lafiyarsa ƙalau. Muka bi waya ja da baƙa da yatsa tun daga maɓalli har zuwa wani ƙaramin baƙin akwati, muka gano daga cikinsa ƙarar ke fitowa. Mama ta ce ashe saƙo yana isowa, wanda aka aika wa ne ya ƙi tashi. Ta ɗauko wayoyin da Baba ke tayar da mota da su, ta haɗa batir kai tsaye da wincin. Tartsatsi ya tashi, ta ja baya har ta zauna a ƙasa, wincin ya yi wani gurnani ya yi shiru, warin ƙonannen roba ya biyo baya. Na fara kuka, yatsuna sun daskare, na ce da ita cikin Turanci mu tafi gidan Baffa kawai. Ta ce in zan yi kuka in yi da Hausa, kuma in riƙe mata tocila da kyau.

Akwai wani makanike ɗan Kumasi, Malam Awudu, da ke da gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, suna sallar Juma'a tare da Baba. Muka bar Sadiƙu wajen wata tsohuwa a hawa na biyu, muka tura keken jaririnsa ba kowa a ciki har can. Motoci sun yi wa Malam Awudu layi, ba halin ya biyo mu. Ya ji bayanin Mama, ya ce da Hausarsu ta zango, "Hajiya, wincin ya mutu, kar ka wahala da shi. Ka cire, ka sa wani." Na ƙunshe dariya jin ya ce mata ka. Ya tono wani tsohon winci daga tarin ƙarafa, ya gwada shi a batir muka ga ya juya, ya nuna mata notuna huɗun da za ta kwance, ya gargaɗe ta ta cire wayar batir tukuna. Muka kwantar da wincin a keken jariri, Mama ta lulluɓe shi da bargon Sadiƙu don kada ya jiƙe. A hanya wata Baturiya ta leƙo za ta yi wa jariri wasa, ta ga ƙarfe da giris. Mama ta gaishe ta ta wuce abinta.

Notuna uku sun kwance ba gardama. Na huɗun tsatsa ta cinye shi. Mama ta shimfiɗa kwali ta kwanta a kan simintin nan mai sanyi, ta zuba masa baƙin mai, ta buga, ta ja, sifana ta zame ta fasa mata bayan hannu. A nan Baffa Lawal ya same mu, ya sha fama da jirage kafin ya iso, takalminsa na ofis ya jiƙe sharkaf. Ya tsaya yana faɗin abin da mutane za su ce. Mama ba ta fito daga ƙarƙashin Jaki ba, ta dai miƙo hannu mai jini ta ce ya ba ta bututun ƙarfen da ke jingine a bango. Ta zura shi a ƙotar sifana, ta ce ni in taka da ƙafa biyu. Na hau da duk nauyina, noti ya yi ƙara ya saki. Baffa ya tuɓe kwat ɗinsa ya tallafe mana sabon wincin muka ɗaure. Ni na zura igiyar ƙarfe na maƙala ƙugiya a jikin garma, don hannuna ne kaɗai ke shiga wurin.

Da Mama ta danna sama, igiya ta saki. Da ta danna ƙasa, garma ta ɗaga. Ashe mun juya wayoyin. Baffa ya ce a kwance a gyara, Mama ta ce rana na tafiya, ita ta riga ta gane halinsa. Haka ta fita daga garejin, Jaki na tsalle, ta kusa ture shingen furanni, sannan hannunta ya faɗa. Ta riƙa turo dusar ƙanƙara zuwa gefe, ta ɗaga, ta ja baya, ta sake, mayafinta na kaɗawa, ni ina biye da bokitin gishiri. Tsofaffi suka cika tagogi. Kafin la'asar motar nas ta hau har ƙofa. Da manaja ya iso da yamma ya tambayi wanda aka ɗauko ya yi aikin, Mama ba ta jira tafinta ba. Ta nuna ƙirjinta ta ce da Turanci, "Me," wato ni.

Yau ni ma ina da flat ɗina, kuma in abu ya lalace waya nake ɗauka in yi booking, wani ya zo ya tafi ban ko san sunansa ba. Dusar ƙanƙara ba ta cika kwana a London yanzu ba, 'ya'yana ba su taɓa ganin ta kai gwiwa ba. An rushe ginin tsofaffin tuni. Mama tana Funtua, yatsunta sun kumbura da sanyin ƙashi har ba ta iya buɗe kwalba, amma in jikokinta suka miƙo hannu za su karɓa, sai ta juya musu baya ta ci gaba da murɗawa. Har yanzu ban kai ta taurin kai ba, kuma ina so in kai.