Gamzaki da Azahar a Damargu

Da sunan Allah nake farawa. Na bar gidana a Goron Dutse ranar Talata, sha tara ga watan Takutaha, da ƙarfe biyar da rabi, bayan na idar da sallar asuba. Kafin in nufi tasha sai da na biya wajen malamina, Malam Bukar, wanda kakanninsa suka zo daga Borno, domin shi ne dalilin tafiyar.

Malam ya haura shekara tamanin, idonsa kuma ya tafi. Yana da gafaka cike da takardun hisabi na mahaifinsa, da su yake lissafin tafiyar rana da wata. Shekara uku da suka wuce ya ce za a yi husufin wata, aka kwana ana jira, ba a yi ba. Daga nan masu ɗaukar karatu suka janye, ni kaɗai na rage. Bana ya ce ranar Juma'a, ashirin da tara ga wata, za a kama rana. A Kano gefenta kawai za a ci, amma a ƙasar Damargu, arewa da Tanut, za ta rufe ruf har taurari su fito. Ya rantse in haka bai faru ba za a binne takardun nan, kada su ɓatar da wani bayansa.

Ya miƙo mini igiya mai ƙulli sha tara. Ya ce, "Sani, daji ba shi da kasuwa ba shi da masallacin Juma'a. Kullum ka yi asuba ka ƙara ƙulli ɗaya. Ka je ka gano mini da idonka."

Kano zuwa Damagaram

Motar wani Ɗan'azumi na shiga, babba ce, ta ɗauko goro da turamen atamfa. Ya karɓi sule goma sha biyu ya ba ni gaba. Muka fita ta wajen Dawanau ƙarfe bakwai, muka yi azahar a Daura, mil tamanin ke nan. Da ya ji abin da zai kai ni, sai ya kalle ni ya ce, "Malam, rana dai wannan da ke gasa mu? Ai ga ta nan kyauta, sai ka biya sha biyu?"

A kan iyaka jandarma ya juya takardata sama da ƙasa, ya tambayi hajata. Na ce ba ni da haja, kallon rana zan je. Ya kira ɗan'uwansa ya sa na maimaita, suka yi dariya, ya buga hatimi. Muka kwana a Matamai saboda taya ta fashe, muka shiga Damagaram Laraba da hantsi.

Na sauka a zauren wani fatoma mai saukar da baƙi kusa da kasuwa, kwana uku ina jiran motar arewa. Tuwon gero da miyar kuka dala ɗaya ne, dalarsu kuwa tamma biyar ce. Ruwan garin yana da wuya, tulu guda sai an yi ciniki.

Tanut da hanyar raƙumi

Asabar muka tashi da azahar, muka isa Tanut Lahadi da safe. Wajen mil casa'in ne, amma rairayi ya kama motar sau huɗu, kowane karo sai mun sauka mun shimfiɗa mata ƙarafa. A Tanut na sami wani Buzu, Agali, ya ce akwai Fulani a wani tafki, tafiyar yini da rabi. Muka yi jinga, Litinin da asuba na hau raƙumi karo na farko a rayuwata.

Tun kafin la'asar zazzaɓi ya rufe ni. Abin da na iya riƙewa na hanyar nan kaɗan ne: ƙaya, farin rairayi, da shayin Agali mai ɗaci da yake ɗura mini.

Rugar Arɗo Buba

Mun isa Talata da azahar. Gidaje bakwai ne, ba bukka ko ɗaya, sai gadaje a gindin ƙaya, da ƙore a jere kan katako, da igiyar maruƙa a tsakiya. Shanunsu jajaye ne masu dogon ƙaho. Arɗo Buba ya sa aka shimfiɗa mini tabarma, mahaifiyarsa Inna Dudu ta yi ta ba ni kindirmo da wata saiwa da ta jiƙa. Na kwanta ina barci ina farkawa, duk lokacin da na ga asuba ta yi sai in yi taimama in yi salla in ƙara ƙulli.

Da jikina ya yi sauƙi na ƙirga igiya, na sami ashirin da takwas. Na ce wa Arɗo gobe Juma'a, gobe za a kama rana. Ya ce, "Kai ne modibbo, mai karatu. Mu nan ranaku duk kamarsu ɗaya." Agali kuma ya ce shi tazarar rijiya da rijiya yake ƙirgawa. Arɗo ya aika rugage biyu na kusa, ya kuma ɗaga tashin da suka shirya, ko da yake tafkin ya fara zama laka.

Washegari mutane suka taru tun hantsi. Na zuba ruwa a ƙwarya na ce a nan za a duba, kada kowa ya ɗaga kai. Azahar ta yi, rana lafiya lau. La'asar ta yi, haka. Wani dattijo daga rugar gabas ya leƙa ƙwaryar ya ce, "Modibbo, ni dai gemuna nake gani, shi ma ba wanda ya kama shi." Aka bushe da dariya, suka watse. Arɗo dai ya ce gobe da sassafe za su ɗaura kaya.

Ban taɓa jin nauyi irin na yammacin nan ba. Na ɗauko tawada na rubuta wa Malam da ajami cewa ranar Juma'a na zauna a Damargu tun hantsi har faɗuwar rana, ba a kama komai ba. Agali zai koma Tanut, na ba shi ya miƙa wa direban da zai shiga Kano. Ni ƙafata ba ƙarfi, kuma gaskiya ba na son in kasance a wurin ranar da za a haƙa ramin binne takardun Malam. Agali ya tafi tun kafin alfijir.

Da gari ya waye ana ɗaure gadaje a kan takarkarai, Inna Dudu ta kawo mini nono mai ɗumi. Ta tsuguna ta ce, "Modibbo, jiya me kuke nema a ƙwarya?"

Na ce, "Inna, wata ne zai shiga gaban rana. Bai shiga ba."

Ta ce, "To yaya zai shiga, alhali jiya ina tatsa na gan shi a gabas? Siriri kamar farce, ƙasa da Gamzaki. Yau ne bai fito ba."

Ƙwaryar ta kusa suɓuce mini. Wannan shi ne darasin farko a takardun Malam: muddin ana ganin tsohon wata da asuba, bai riski rana ba. Na ce, "Inna, me ya hana ki faɗa jiya?"

Ta ce, "Wa ya tambaye ni? Kai da igiyarka." Sai ta ƙara da cewa, "Ran da ka zo ma ka tashi da almuru ka yi raka'a biyu ka ɗaura ƙulli, ka koma ka kwanta. Da safe ka sake ɗaurawa. Na ce ko haka ake yi a Kano."

Jan almuru na gani cikin zazzaɓi na ɗauka alfijir ne. Jiya Alhamis ce. Na tashi ba takalmi na sami Arɗo, na faɗa masa abin da Inna ta ce, na roƙe shi ya ba ni zuwa la'asar. Ya dubi tafkin, ya dubi shanu, ya ce, "Ba don kai ba, don ita ta ce." Aka sauke kaya.

Juma'a

Wajen sha biyu da kwata na ga gefen rana ya gutsure a cikin ƙwarya. Ban yarda da idona ba sai da Arɗo ya leƙa ya yi salati. Hasken da ke ratsowa ta ganyen ƙaya ya zama ƙananan jinjirin wata a kan rairayi, ɗaruruwa. Zafi ya sauka, iska mai sanyi ta taso. Na ja su sallar husufi, maza tara a bayana.

Mun sallame ke nan, biyu saura kwata a agogona, sai duhu ya taho daga yamma da gudu ya rufe mu. Na ɗaga kai. Rana ta zama baƙin faifai, farin haske ya kewaye ta kamar gashi. Ga Gamzaki can yamma da ita, tar, da wani tauraro ƙarami. Shanu suka juyo daga kiwo suna kuka, maruƙa suna amsawa, sun ɗauka lokacin tatsa ya yi. Mata suna kaɗa ƙore, maza suna kabbara. Bai fi minti uku ba, sai haske ya tsargo ta gefe. Dattijon jiya ya riƙe hannuna da hannu biyu.

Ina cikin hamdala sai na tuna da wasiƙar.

Komawa

Arɗo ya ba ni takarkari da ɗan'uwansa ya raka ni, kwana biyu zuwa Tanut. Aka ce motar da Agali ya ba takardar ta tashi jiya. A Damagaram aka ce ta wuce shekaranjiya. Na biya kuɗin gaba amma a bayan mota na zauna kan fatu, domin ita ce mai tashi a ranar. Na shiga Kano ranar Alhamis da la'asar, ban biya gida ba, na wuce zauren Malam.

Na same shi zaune, gafakar tana kan cinyarsa, wasiƙata a kanta a naɗe yadda na naɗe ta. Ya ji sallamata ya ce, "Jiya aka kawo. Mutum uku sun ce su karanta mini, na ce wanda na aika yana da baki."

Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, na ga Gamzaki da azahar."

Ya ce, "Ta rufe duka?"

Na ce, "Duka. Shanu suka dawo gida."

Ya shafa gafakar, hawaye na bin gemunsa. Can ya ce, "To wannan kuma me ka rubuta?" Na so in kauce, ya ce sai na karanta. Na karanta, na kuma ba shi labarin ƙulli da Inna Dudu. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Lissafin ubana ya kai Damargu bai kuskure ba, kai igiyar kwana goma ta kayar da kai."

Ya cusa wasiƙar cikin gafakar tare da takardun, ya ɗora mini ita a hannu. Ya ce in rubuta a gefen shafin farko cewa duk mai aiki da lissafin nan ya fara tambayar masu tatsar asuba. Na rubuta tun kafin magariba. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, Allah kuma ya ba Arɗo Buba da mahaifiyarsa ruwa da ciyawa duk inda suka sauka.