Ɗaɓen da ya tashi makaranta

Karatun bokon da na yi a duniya, da za a zuba shi a ludayi ba zai rufe gindin ludayin ba. An kai ni firamare ina yaro, na tarar ana dukan mutane a kan haruffa, na ce ni da haruffa ba gādo muke rabawa ba, na koma gonar albasa. A can na tsufa, a gefen Aliero, ni da albasa muna sa juna hawaye. To ka ji mutumin da daga baya ya zama injiniyan makaranta.

Jikata ce ta jawo. Ɗiyar ɗana ce, shan-inna ya kama ta tun tana goye, ƙafafun suka lanƙwashe. Sai dai abin da aka rage mata a ƙafa an cika mata shi a baki. Ina ce mata amarya, yadda kowane kaka ke yi, ita kuma tana ce mini ango mara haƙori. Kawunta da ke garin Liba ya sa wani mai walda a Jega ya ƙera mata keken guragu, irin mai juyawa da hannu, tun daga ranar kajin unguwa ba su sake samun kwanciyar hankali ba.

Da sa'o'inta suka shiga makaranta, ta ce ita ma sai ta je. Uban yana ci-rani, uwar tana cikin gida, sai aka dubi wanda ba shi da aikin yi, aka ga ni. Na sa babbar riga na bi ta a baya, tana gaba tana tuƙi ina haki.

Azuzuwan firamaren unguwarmu a kan dakali suke mai tsawo, saboda ruwan damina da ke kwanciya a filin. Sai an hau matakala ake shiga. Kwanakin farko ni nake ɗaukar ta in hau da ita, har ranar da bayana ya yi wata ƙara irin ta tsohon ƙyaure, na tsaya a duƙe kamar mai neman allura. Hedimasta ya kira ni ofis. Mutumin kirki ne, dogo, da tabarau a kan hanci.

Ya ce, “Baba, ba ƙin ta munka yi ba. Gwamnati ma cewa ta yi yara masu buƙata ta musamman su zauna aji ɗaya da 'yan'uwansu. Amma kai ka gaza, kuma ɗiya mace ce, girma takai. Malamaina maza ba su iya ta ɗaukar ta. Akwai makarantar irinsu a birni, ta kwana.”

Na ce uwarta ba ta yarda ta kwana ko gidan maƙwabta, balle birni. In an ce birni, an ce ta zauna gida ke nan.

Ya ce, “To ga magana ɗaya. Ranar da ta shiga aji da kanta, ba wanda ya ɗauke ta, wurinta ya zauna.”

Amarya tana bakin ƙofa tana ji. Ta ce, “Ango, ka ji. In kai namiji ne.”

Ni kuwa ba a yi mini haka. Na ce wa hedimasta ya ba ni Asabar da Lahadi, zan yi gangara. Ya tambaye ni ko na taɓa yi. Na ce tun kafin a haife shi nake hawa gangara da buhu a kai. Gaskiya na faɗa, sai dai gangarar da na sani ita ce katakon da ake jingina wa babbar mota ana lodin albasa, gajere, a tsaye kamar zai yi salla. Da shi na yi awo. Na ari jakin maƙwabcina, na yi ta jido jar ƙasa, na kwaɓa da ciyawa, na ɗora a kan matakalar. Da na gama na ja baya na duba, na ji ina ma ubana da ya ce ba zan zama komai ba yana raye.

Sai tsohuwata, kakar amarya, ta zo kawo mini fura. Ta dubi aikin ta taɓe baki.

“Wanga abu garje-garje kamar bayan kada za ka bar wa 'ya'yan mutane? A ce aikin gidanmu ne? Ai sai an ɗaɓe shi.”

Wanda bai san ɗaɓe ba, shi ne yadda mata ke yi wa ƙasan ɗakin amarya: a yi ta bugu da maɗaɓi, ana yayyafa ruwan makuba na ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi ƙarfi ta yi santsi tana sheƙi. Yanzu siminti ya kashe sana'ar, tsofaffin unguwa sun daɗe suna ƙaiƙayin hannu. Kafin la'asar ta tara su. Suka durƙusa suna bugu suna waƙa, rabin waƙar zagina ne. Suka yi wa gangarar nan ɗaɓen da ko ɗakin ɗiyar hakimi bai samu ba. Ƙuda ya sauka a kai a gabana, ya zame.

Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa abin hawa muke yi.

Ranar Litinin da safe yara suna layi a fili, malamai suna tsaye. Amarya ta ja baya, ta taho da gudu, ta hau kamar kamu biyu, keken ya dawo da ita da baya har inda ta taso. Ta sake. Ya sake dawo da ita. Yara suka fara ƙunshe dariya, na ga idonta ya kawo ruwa, abin da ban saba gani ba.

Na ce, “Ke, ragwanci ne. Hannun naki na cin tuwo ne kawai. Sauka ki ga yadda maza ke yi.”

Aka zaunar da ita a kan tabarma, na tattare babbar riga na shiga keken, gwiwoyina a kunnuwana. Na murza, na murza, ko kamu ɗaya ban hau ba. Sai na ce ai gwaji daga sama ake fara shi. Manyan yara suka kinkime ni da keken suka ɗora a kan dakali, suka juya ni na fuskanci fili. Hedimasta ya ɗaga hannu yana cewa, “Baba, dakata,” ni kuwa na ɗauka gaishe ni yake, na ɗaga masa nawa.

Na hau mota, na hau jirgin ruwa a gulbin Jega, ban taɓa sanin gudu ba sai ranar. Ban san inda birki yake ba, don ban taɓa tambaya ba. Layin yara ya dāre biyu. Babbar rigata ta cika da iska ta rufe mini fuska. Na ji na bi ta kan wani abu mai laushi, daga baya aka ce mini tiren mai awara ne. A ƙarshen filin akwai itacen dogon yaro, a jikinsa an rataye tsohon ƙarfen tayar mota, shi ne ƙararrawar makarantar. Keken ya daki saiwa ya tsaya, ni ban tsaya ba. Ƙafata ta sami itacen, kaina ya sami ƙarfen.

Ƙararrawa ta yi kuka. Yara kuwa doka suka sani: in ta buga irin wannan bugun, an tashi. Suka kwashi jakunkuna suka watse da ihu, malamai na bin su. Makaranta ta tashi tun ba a shiga aji ba.

Sa'ar da na yi, a Aliero na karye, garin masu ɗori. Mai ɗorin da aka kai ni wurinsa abokin wasana ne tun muna yara. Yana jan ƙafar ina salati, shi yana tambaya, “Daga raƙumi ka faɗo ko daga mota? Faɗa mini in san abin da zan gaya wa mutane.” Na ce ya ɗaure ya yi shiru. Bai yi shiru ba. Har Maiyama labarin ya kai kafin in fara dogara sanda.

Ina kwance ƙafa cikin kararen ɗori, amarya ta daina yi mini ba'a, wannan ya fi karayar ciwo. Keken bai yi komai ba, mai waldan Jega ya iya aiki. Kullum sai ta tuƙa ta tafi makaranta ita kaɗai, ta tsaya ƙarƙashin tagar ajinsu tana jin karatu daga waje.

Gangarata kuwa ta sami masu so. Yara suka gano ba abin zamiya irinta a ƙasar nan. Da an fito tara sai su hau dakali su zauna su sulalo, har malami ɗaya an ce an kama shi bayan an tashi. Kafin wata ya ƙare babu wandon makaranta mai gindi a unguwarmu. Iyaye suka fusata. Wata safiya maza suka taru da fartanya da diga, suka ce yau sai sun rushe aikin tsohon banzan nan. Na sa aka ɗora ni a kan jaki na je, don a rushe a gabana.

Ɗaɓen tsofaffi ba ya fasuwa da sauƙi. Suka yi ta sara suna tsine mini, suna jan ɓaraguzan baya don su sami wurin tsayawa. Ƙasar ta baje ta yi tsawo har tsakiyar fili, ta kwanta, duk ta yi kaushi. Suka gaji suka koma inuwa shan ruwa, da niyyar su kwashe daga baya. Yara suka bi ta kai suka tattake.

Amarya tana ƙarƙashin tagarta tana kallo. Ta juya keken, ta saita, ta murza a hankali. Tayar ta kama. Ta murza, ta murza, ƙawayenta suna binta a baya sun riƙe hannuwansu kada su taɓa. Sai ga ta a kan dakali, ta shige aji.

Hedimasta ya cire tabarau ya goge, ya dubi masu fartanya ya ce, “Kada wanda ya taɓa ƙasag ga.”

Ni kuma daga kan jaki na ce ai dama haka na tsara, sai an rushe take aiki. Ba wanda ya amsa mini, har jakin.

Da kaka ta yi iyayen suka haɗa hannu aka zuba wa gangarar siminti, aka ja layi-layi a kai don kada ta yi santsi, aka kuma roƙi tsohuwata da ƙawayenta kada su zo taimako. Yanzu akwai wani yaro mai sanduna da ke bin ta, da wata malama mai ciwon gwiwa. Na ukunsu ni ne, don ƙafar ba ta koma daidai ba, matakala ta fi ƙarfina. Duk ranar taron iyaye ina hawa ina ɗingishi, amarya tana sama tana jira na, yanzu tana aji biyar.

“Ango, a hankali,” in ji ta. “Ba a tashi ba tukuna.”