Gishirin Kak Sepiah

Shekara talatin ba a yi biki a ƙauyenmu na bakin kogin Kelantan ba sai ludayi yana hannun Kak Sepiah. 'Yar baffanmu ce, kuma tun tana budurwa in ta shiga kwalekwale sai mutum uku sun koma ɗaya gefen. Ba ta taɓa rubuta ma'auni ba. Dokar kuwa kowa ya san ta: tukunyar biki ba mai zuba mata gishiri ko sukari, ba mai ɗanɗanawa, sai mai ludayi.

Likita a Kota Bharu ya jero mata kayanta: tumbi, hawan jini, ciwon suga, kitse a jini. Ta ce, "Ɗana, duba da kyau, ko akwai wanda ban tara ba." Ta fito ta sha shayi mai madarar gwangwani a ƙofar asibitin.

Da sukari mantuwar ta fara. Sai ta jefa curin sukarin kwakwa a miyar nama, ta juya ta balbale masu yankan albasa da faɗa, ta dawo ta sake jefawa. Mu kuwa ko kifi sai mun sa masa zaƙi. Aka yi ta lasar yatsu ana cewa hannun Kak ya nuna. Shekara biyu tana ninka sukari, ana ninka mata yabo.

A bikin 'yar Pak Su Deraman mai shagon taya, wanda ya kayar da shanu biyu, abin ya faɗo kan gishiri. Rokiah, matar ɗan Kak Sepiah, tana tsaye tana kallo, ba ta sa hannu ba, ai doka ce. Liman ya kai loma ɗaya ya shanye ruwan wanke hannu.

Pak Su ya zagayo wurin girki ya tsaya a kan Kak Sepiah.

"Piah, nama na ba ki ko teku?"

"Sau ɗaya na sa."

"Huɗu, Mama," in ji Rokiah, a ladabce, da muryar da za a ji har masallaci.

Ɗan Kak Sepiah ya mayar da ita asibiti aka ɗauki hoton kanta. Likita ya nuna mata fararen ɗigo-ɗigo, ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne suka yi ta toshewa ɗaya bayan ɗaya, shiru, ba faɗuwa, ba karkacewar baki. Ta ji daɗi har ranta. Ta ga ta samu shaidar cewa ba da gangan ta yi ba, ludayin da aka karɓe mata zai dawo. Ta ɗauki hoton ta bi gida-gida, ana ɗaga shi sama ana haskawa da rana.

"Mai wannan ciwon ai jan ƙafa yake," in ji matar Pak Su. "Ke faranti biyu kike tashi da shi. Baƙin ciki ne kawai, don 'yarmu ta riga taki aure."

Waɗanda suka yarda da hoton sun fi muni. Suka ce, to, mai ramuka a ka za a ba tukunyar mutum ɗari biyar?

Yanzu ludayi yana hannun Rokiah. Sau biyu take jefa sukari, da gangan, don bakin ƙauye ya saba. Kak Sepiah tana kan tabarmar albasa cikin matan da ta saba yi wa tsawa. A kowane biki sai ta miƙe sau uku ko huɗu ta nufi tukunya tana goge hannu a zani, a kamo ta a zaunar.

In an zubo mata ta ɗanɗana, sai ta yamutsa fuska.

"Wace mara hankali ce ta cika sukari haka?"