Ranar da Motar Na Allah Ta Koyi Tsayawa

Yayana Na Allah bai taɓa yarda mota na buƙatar birkin baya ba. Tun yana karen mota a tashar Tasawa har ya mallaki tsohuwar fijo bashe tasa, irin mai buɗaɗɗen bayan nan, in ka yi masa zancen sai ya ce, "A hanyar Mayahi? Ɗaga ƙafa kawai, rairayi ya tsaida ka." Ranar da bututun man birkin baya ya fara yoyo, guduma ya ɗauka ya daddale bakinsa, yadda direbobin daji ke yi. In man birki ya ƙare kuwa, ruwan sabulu yake ɗurawa. Taurin kai dai, Allah ya ba shi nasa da na maƙwabta.

Sai farin shekarar tamanin da huɗu ya zo. Gwaggo Hawwa, wadda ta rene mu bayan rasuwar iyayenmu, tana wani ƙauye arewa da Issawane. Saƙo ya iso cewa rumbunta ya ƙare, rijiya ta koma laka, ita kuma ba ta iya tashi. Yaya ya haɗa buhunan jar dawa da gangunan ruwa, ya ce da shi da matarsa Habsatu da ni Rakiya za mu je mu ɗauko ta.

Ba mu bar gari ba muka ci karo da bariyar soji. Nan kuwa ba rairayi, tsandauri ne, ga kaya niƙi-niƙi a baya. Yaya ya taka birki, mota ta ce ba ta san zancen ba. Muka kwashe gangar shinge, muka tuntsure butar shayin sarzan ɗin da ke wurin. Mutumin ya leƙa ƙarƙashi, ya ga bututu a daddale, ya sa Yaya ya durƙusa cikin rana a gaban mata da yara. Gaskiya ya faɗa game da birkin, ban musa ba. Amma wulaƙancin nan, har gobe ban yafe ba.

"Koma," in ji shi. "In ka sake zuwa ba ta tsaya ba, motar ta zama tamu, kai kuma ka tafi da ƙafa."

Yaya ya kakkaɓe gwiwa ya ce, "Zan dawo, kuma ta nan zan bi."

Cikin gida ya shigar da motar. Bai sha wuya ba, don dangarmu ta kara tuni awaki sun cinye. An rufe iyaka, babu zancen kayan gyara daga Katsina. Akwai gawar wata bashe bayan tasha, wadda ta fi tasa girma, mai ita Ɗan Azumi ya ce ya ciri abin da yake so. Yaya ya kwanto tambur biyu na birkin baya da takalmansu da bututu. Ya ce tunda za a yi, ba tsohon birki zai tayar ba, wanda ya fi shi zai sa, mai riƙe mota da kayanta. Ramukan ƙusa ba su dace ba, ya zauna da magagari yana gurza har tafinsa ya fashe. Ina kai masa ruwa ina masifa: "Yaya, mu bi ta daji mana, mu kauce musu!" Ya ce shi ba ɓarawo ba ne, kuma in ya kafe a rairayi da wannan kaya, wa zai turo shi?

Da aka gama ɗaurawa, saura fitar da iska daga bututu, aikin mutum biyu: ɗaya a ƙarƙashi, ɗaya yana taka feda. Karen motarsa ya bi 'yan cin rani. Maƙwabta kuwa, da suka ji sunan soji, kowa ya tuna yana da uzuri. Sai Habsatu ta ɗaure zane, ta hau kujerar direba.

"Taka! Riƙe! Saki!"

Haka suka wuni. Mata na leƙe suna dariya, wai matar Na Allah ta zama direba. Ko kallonsu ba ta yi ba. Ƙafarta ta kumbura, amma ba ta sauka ba sai da fedar ta yi tauri kamar dutse.

Washegari da hantsi muka koma bariya. Sarzan ya ja layi a ƙasa da takalminsa, ya ce Yaya ya ja baya ya taho da gudu, da kayansa duka. Sannan ya tambaya, "Kai da wane makanike kuka yi aikin?"

"Ni da iyalina."

Sojoji suka fashe da dariya. Habsatu ta sauko tana ɗingishi, ta je ta tsaya bisa layin nan. Innalillahi! Na riƙe hannunta ina kuka, Yaya na cewa, "Ke, don Allah kauce!"

"Malam, ƙafata ta san abin da ta taka," in ji ta. "Taho, Gwaggo na jira."

Ya taho. Na rufe ido, na ji ƙara ƙiiii, na ji gangunan ruwa sun bugi juna. Da na buɗe, ga sawun taya huɗu a ƙasa, ga hancin mota bai kai ga zanenta ba. Dariya ta ɗauke. Sarzan da hannunsa ya ɗaga sandar shinge, Yaya bai ce masa na gode ba.

Mun tarar da Gwaggo kwance a ɗaki, da sauran numfashi. Habsatu ta dama kunu ta riƙa ba ta da ludayi. Muka taho da ita Tasawa, ta ga damina, ta ga jikoki.

Yaya ya ci gaba da bin hanyar Mayahi har gemunsa ya yi fari, kuma duk sanda za a fitar da iska, Habsatu ce ke hawa kujera. Bayan Allah ya karɓi ran Habsatu, sai iska ta sake shiga bututu, birki ya yi sanyi. Samari suka zo za su taya shi, ya ce su bar motar. Na ce, "Haba Yaya, feda ce fa, kowa na iya takawa."

Ya ce, "Rakiya, na ce a bar ta."

Tana nan tsakar gida har yau, kaji na kwana a ƙarƙashinta.